Ranar da Manhajata Ta Aika Tarakta Gonar da Ba Ita Ba

Shekarun baya, bayan na dawo gida daga bautar ƙasa ba ni da aiki, na ƙudurta zan magance wa ƙauyenmu matsalar tarakta. Mu a wajen Tofa gonaki ƙanana ne, manne da juna, wani lokacin layin gamba ne kawai iyaka. Ruwan shuka na sauka kowa sai ya bazama neman mai haro, wato taraktar kaftar ƙasa, wanda ya riga ganin direba shi ke da rabo. Na ce me zai hana a yi manhaja, manomi ya nemi tarakta daga wayarsa?

Ni tarihi na karanta, ban san ko alif ba a yaren kwamfuta da ake kira kodin. Amma na samu wani dandali na intanet da ke cewa kowa zai iya haɗa manhaja ba tare da kodin ba, ka jawo wannan ka ajiye nan, shi ke nan. Na duƙufa a ɗakin wani ɗan'uwa a Rijiyar Zaki, inda akwai wuta da sabis. Abu ya yi kyau kuwa, har da hoton tarakta kore. Na fara sa hannu a aljihu idan ina magana.

Tun daga rajista na fara cin karo. Dandalin ya dage sai mutum ya sa imel. Kawuna da ya yi shekara arba'in yana noma, ina shi ina imel? Na nemi inda zan sa saƙon murya, don manomi ya faɗi gonarsa da bakinsa, babu. Gurbin adireshi kuma lambar gida da sunan titi yake tambaya. Sai na koma wa taswira: ka tsaya a gonarka, ka danna, ta ɗauki wurin.

Wani abokina, wanda ke tuƙa taraktar yayansa, ya yarda mu gwada. Kawu ne ya fara nema, ni na riƙe masa wayar a tsakiyar gonarsa na danna. Ta nuna alamar an karɓa. Abin da ba ta gaya mini ba shi ne babu sabis a wurin, don haka ta ajiye inda ta samu sabis na ƙarshe, wato kan hanyar da muka biyo, gefen gonar wani dattijo maƙwabcinmu.

Dattijon nan ya yi binne tun kafin ruwa, geronsa ya fara leƙowa. Abokina ba ɗan ƙauyenmu ba ne, ya zo da sassafe, ya bi ɗigon da waya ta nuna masa, ya ɗauki tsiron a matsayin ciyawa, ya saki haro. Kafin mutane su rugo su tsayar da shi ya gama da kusan rabin gonar.

Na iske dattijon a tsugune yana tsintar tsiron da aka kife. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ɗagowa kawai ya yi ya ce, "Malam, wa ya aiko shi?"

Na ce, "Baba, waya ce ta yi kuskure."

Ya ce, "To ita wayar ɗiyar wa ce, in je in yi magana da ubanta?"

A gaban mai unguwa aka yi sulhu. Mahaifiyata ta buɗe irin da ta ɓoye wa gonarmu ta bayar, ni da ƙannena da abokina muka sake shuka masa da hannunmu. Geron ya yi, amma a makare, bai kai na maƙwabta ba. Abokina kuwa yayansa ya ƙwace makullin tarakta har ƙarshen damina.

Abin da ya fi ƙona mini rai ya zo daga baya. Na rubuta wa masu dandalin, na yi musu bayanin komai, na roƙi abu biyu: manhaja ta riƙa aiki ba sabis, ko aƙalla ta faɗa idan ba ta ga wurin ba. Amsa ta zo da Turanci mai laushi, wai sun gode da na tuntuɓe su, wai wannan ba ya cikin tsarinsu, amma zan iya ƙarawa da kaina idan na rubuta ɗan kodin. Kodin! Mutanen da suka jawo ni da cewa ba na buƙatarsa. Sai da na karanta sau da yawa don in tabbata ba zolaya ba ce. Da na nemi in kwashe aikina in kai wa wanda ya iya, aka ce ba ya fita daga dandalinsu, sai dai a sake daga farko.

Ba na cewa kayan haɗa manhajar nan ba su da amfani. Da su na gane cewa manoma na son abin, kuma yau muna yin aikin, ni da wata 'yar'uwata da ta karanta kwamfuta, da kiran waya da saƙon murya. Amma har yanzu raina na ɓaci idan na tuna. Wanda ya ƙera abin ya zauna ya ƙaddara cewa duk ɗan Adam yana da imel, da lambar gida, da sabis a ko'ina. Bai rubuta haka a ko'ina ba balle ka yi hattara. Ya bar ka ka gano da kanka, kuma ba kai kaɗai ke ɗanɗanawa ba.

Shi ya sa duk matashin da ya nuno mini manhajarsa yana zumuɗi, ba na duba kyanta. Ce masa nake ya tafi da ita inda za a yi amfani da ita, ya miƙa wa mutumin da ya yi ta dominsa, ya koma gefe ya yi shiru. Idan za ta yi ɓarna, gara ta yi a gaban idonsa, a gonar gidansu.