Ranar da Teku Ta Ƙwace Tabarau ɗin Baba

Ana sallame sallar asuba muka bar Gazara ta ƙasar Makarfi, ni da mahaifina. Yanar ido ta rufe masa gani, likita ya ce a yi aiki, shi kuwa ya kafe. Tsoronsa a taɓa idon ya mutu gaba ɗaya. Da na matsa masa sai ya ce, "To, kai ni in ga teku tukuna, da ɗan sauran da nake da shi." Ya zaci ba zan iya ba. Na ɗauke shi sai Badagry, can gaɓar teku a jihar Legas.

Daga Makarfi zuwa Kaduna lafiya lau, amma bayan mun haye kogin Kwara hanya ta jijjiga mu har hanji. A wata tasha aka sayar mana da rake guntu ɗaya a kuɗin da za a ba ka dami a gida. Baba, manomin rake tun yana saurayi, ya tauna ya ce wannan karan dawa ne aka jiƙa.

Washegari ƙaramin jirgin ruwa ya tsallakar da mu tsibirin Gberefu. Baba ya riƙe gwiwata gam, bakinsa bai huta da salati ba. Tsibirin rairayi ne da itatuwan kwakwa, iska mai laushi. Muka bi hanyar da aka riƙa kora bayi zuwa jiragen Turawa. Mai yi mana jagora ya nuna mana rijiyar da ake shayar da su.

Mun isa bakin teku azahar ta yi. Baba ya ce ba zai kalla ba sai ya gaida Mai ita. Ya tsuguna alwala kamar a rafin fadamarmu, ya cire tabarau ya ajiye a gefe. Rafinmu dai ba ya tasowa ya sami mutum. Wannan kuwa ya taso, ya jiƙa shi har ƙugu, ya koma da tabarau.

Na yi ta laluben rairayi kamar in yi kuka. Duk wannan tafiya, a ce bai ga komai ba?

"Bari nema," in ji shi. Ya miƙe yana fuskantar ruwan. "Abu mai girman nan ba ya buƙatar tabarau. Amma mene ne wancan baƙi-baƙin?"

"Kwalekwalen masunta ne, Baba."

"Da mutane a ciki?"

"Cike."

Muka yi salla, muka sha ruwan kwakwa.

Na fahimci roƙo da gardama ba su ne za su motsa dattijo ba, sai ya ga abin da yake rasawa. Mun sauka Gazara maƙwabta sun taru ana sannu da zuwa, ana tambayar tsaraba. Kafin ya amsa kowa ya juyo inda yake jin muryata.

"Gobe ka kira likitan nan. Ban ga masuntan ba."