'Ya'yan farin da suka ɓace a ƙidayar ƙauyenmu

An sake ƙirga yaran ƙauyenmu da ke mazaɓar Gubuchi jiya. A ƙidayar farko yawansu bai kai a ba mu makarantar firamare ba, alhali kullum yaranmu na taka sayyada zuwa wani gari.

Na raka malamin da ke ƙidayar. A gidan Hajara, matar yayana, yara huɗu ne ke cin tuwo.

Ya ce, "Malama, yaranki nawa?"

"Uku."

Na nuna babbar. "Yaya, wannan kuma baƙuwa ce?"

Ta kawar da kai tana dariya. "Kai dai birni ya ɓata ka. Da bakina zan ƙirga 'yar fari? Je ka tambayi kakarta."

A nan matsalar take. Ranar ƙidayar farko garin shiru ne, maza na gona tun safe, mata aka tarar, kuma kunya ta hana su ambaton ɗan fari.

Sai muka koma wajen kakanni, suka lissafo kowa da sunansa.

Ku ma haka ake yi a garinku?

Sabon lissafin ya tafi Makarfi, hedikwatar ƙaramar hukumarmu, yau. Ba a tabbatar mana ko yawan ya isa a ba mu makarantar ba tukuna.