Ƙwan Shamuwar Tsamiyarmu

Wata Laraba ce a farkon damina, shekarar da nake aji huɗu a lakwal, wato makarantar bokon ƙauyenmu da ke tsakanin Tajaye da Illela, na tsaya gaban malaminmu Mushe Idi da ƙwai guda cikin hulata. Ƴan aji duka suka miƙe suna leƙe. Ƙwan fari ne, ya ɗan fi na kaza girma, kuma ya riga ya yi sanyi. Yabo nake jira. Mushe ya dubi ƙwan, ya dube ni, bai ko taɓa shi ba.

Bari in koma farko, don maganar ta bi tsari. A tsakar gidanmu akwai wata tsohuwar tsamiya, kuma kowace shekara shamuwa biyu sukan sauka a kanta gab da faɗuwar ruwa. A garinmu ba a jifar shamuwa, ba a hawa itacen da ta yi sheƙa. Ranar da suka iso, kakata Inna Hajo takan ajiye kasko da ruwa a gindin tsamiya, babana kuma ya shiga rumbu ya sauko da irin gero, ya wasa kayan shuka. Maƙwabta sukan aiko gidanmu a tambaya ko baƙin sun zo. Inna, wadda ba ta kirana da komai sai "maigidana" don tsokana, takan ce mini: "Maigidana, share musu gindin itace, baƙi ba su sauka cikin ƙazanta."

A shekarar nan Mushe ya ba mu aiki. Ya ce kowa ya zaɓi wata halitta ta daji, ya yi ta kallonta, ya rubuta abin da ya gani a kaye, wato littafin rubutunmu. Wasu suka zaɓi bushiya, wasu ƙadangare. Ni na zaɓi shamuwarmu. Kowace safiya, bayan na ba awaki dusa na ɗebo ruwa, sai in zauna kan turmi in ɗaga kai. Na ja layi, na rubuta komai bi da bi. Na farko, suna gyara tsohuwar sheƙarsu da ƙirare. Na biyu, ba su barin sheƙa ita kaɗai, ɗaya na kwance ɗaya na kiwo, sannan su yi musanya. Na uku, suna bin masu noma a baya suna tsintar fara da tsutsa. Na huɗu na rubuta cewa ƙwai uku ne a sheƙar, alhali ban gani ba. Da Mushe ya karanta a aji, abokin zamana Ado ya ce da ƙarfi: "Uku? Shamuwar ce ta faɗa maka?" Aka yi dariya. Dariyar nan ta kwana a raina.

Ranar Talata da la'asar mutanen gida suna gona, Inna ta tafi barkar suna. Na tuɓe takalma na hau tsamiya. Shamuwar da ke kwance ta miƙe tana buɗe fiffike, amma ban fasa ba. Ƙwai uku ne kuwa. Na ɗauki ɗaya na sa a hula, sai ƙafata ta zame, na riƙe bakin sheƙa, ta karkace, sauran biyun suka faɗo ƙasa. Da na sauko na ga abin da ke cikinsu ya fara kama jiki. Na kwashe ɓawon na binne cikin tokar murhu, na share wurin tas.

Wannan shi ne ƙwan da na kai aji. Mushe bai ɗauki bulala ba. Cewa ya yi: "Kallo na sa ku, ban sa ku sata ba. Je ka zauna ka rubuta na biyar." Na zauna, na rubuta da hannuna cewa ni Hamidu na kashe ƴaƴan shamuwa uku.

A gida Inna ta riga ta tono ɓawon, da ta je ɗibar toka don wankin tukwane. Ba ta faɗa wa babana ba, amma shi ma ya ga sheƙar. Da za a ci tuwo ta miƙo mini akushi ta ce: "Hamidu, ga naka." Har aka yi girbi ba ta ƙara ce mini maigidana ba. Shamuwar suka yi kwana biyu tsaye bisa karkatacciyar sheƙa, a na uku suka tashi. Inna ta kife kaskon.

Da bazara ta kewayo, ba su sauka gidanmu ba. Babana ya kira ni ya ce in tafi gidan maƙwabcinmu Malam Buzu in tambaya ko baƙin sun zo, don ya san lokacin sauko da iri. Ni ya zaɓa cikin ƴaƴansa biyar, kuma na san dalili. Na tsaya ƙofar gidan mutane na yi tambayar da a da gidanmu ake zuwa yi.

Yanzu a Ƙonni nake zaune. An sare tsamiyar da aka faɗaɗa gida, Inna ta rasu, manoman ƙauyenmu kuma labarin ruwa a rediyo da salula suke jinsa. Ma'aikatan gandun daji sukan zo su yi wa yara bayanin kare tsuntsaye, abin da a da tsohuwa guda da kasko guda ke yi. Ni dai duk yaron da na gani da danƙo ƙarƙashin itacen shamuwa sai na karɓe shi, in zaunar da shi ya kalla. Kayen nan yana nan cikin akwatina. Har yau ban rubuta na shida ba.