Dawar da Na Ce Ban Taɓa Gani Ba

A shekarar da aka mayar da mu Jihar Arewa maso Gabas ina aji huɗu a Jimeta. Wata safiyar Litinin Malam ya raba mana takardun jarrabawar da ya gama dubawa, tambaya ɗaya ta tayar da rigima: yaushe ake shuka dawa? Littafinmu ya ce da damina, ni kuwa na haddace shi tsaf, na kwashe makina. Buba, abokin zamana a benci, ya ƙara da cewa akwai wadda ake dasawa bayan ruwa ya ɗauke. Malam ya soke amsar, kuma makin nan kaɗai ya rage wa Buba ya haye aji biyar.

Gaskiya Buba ya rubuta, ni ne shaida. Gonar Bappa, ƙanen mahaifina, tana jikin ta babansa a fadamar Binuwai. Duk kaka in ruwa ya janye, manya su huda ƙasa da turke, mu yara mu bi su da ƙwarya muna tsiyaya ruwa a rami, a dasa masakwa, wato dawar rani, bibbiyu. Da rani ni da Buba muke korar tsuntsaye, muna gasa fara, muna kokawa a kan kunyar gona har a kira mu cin tuwo.

Buba ya miƙe ya ce, "Malam, wallahi akwai ta, tambayi Sa'idu." Malam baƙo ne a garin, bai san fadama ba. Ya juyo gare ni: "Kai na ɗaya, ka taɓa ganin dawa a gona da rani?" Nan take na lissafa, in na ce e, amsata ta zama rabi, na ɗayan ya kuɓuce. Na ce ban taɓa gani ba. Aji ya kwashe da dariya, Buba ya dube ni ya zauna. Ya maimaita aji, kafin shekara ta zagayo ya daina zuwa.

A gida aka yi ta sa mini albarka. Bappa ne kawai, da labarin ya kai masa, ya ce, "Sa'idu, bokon ne ya ce ka rufe idonka?" Kunya ta hana ni ɗaga kai.

Yau gidaje sun cinye gonakin nan, jikokina kuma suna kawo mini sakamako suna jiran yabo. Nakan yaba, amma sai na tambaye su abin da su da kansu suka gani, ko da ya saɓa wa littafi. Buba ya rasu ban nemi gafararsa ba.