Na Kai Sunan Dattijon da Ya Ranta Mini Gaban Alƙali

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa, don kunya, kuma karatuna firamare ne. Amma abin ya hana ni sakat, gara in faɗa. A lokacin ni direban tasi ne a Washington, ina zaune da matata da 'ya'ya uku a gidan haya a Germantown. Ni mutum ne mai yawan wasu-wasi, wanda kan dawo daga hanya don ya sake taɓa ƙofa ko ta kullu.

Da motocin da ake kira ta waya suka kashe mana kasuwa, sai ga rashin lafiyar matata. Kuɗin asibiti da na katin bashi na banki suka taru har na daina ɗaga waya. Ana cikin haka injin motata ya buga. Wani dattijo da muke sallah tare, mai tura tsofaffin motoci gida, ya ja ni gefe ya ba ni kuɗin gyara. Ba takarda, ba shaida. Ya ce in kawo ranar da Allah ya hore.

Daga ƙarshe lauya ya ce ba mafita sai in shigar da karayar arziki a kotu. Ya ce dole in rubuta duk wanda yake bina, kuma zan yi rantsuwa a kai. Kalmar rantsuwar nan ce ta firgita ni, na rubuta sunan dattijon a ƙasan sunayen bankuna. Lauyan ya kuma gargaɗe ni kada in zaɓi wani in biya shi a ɓoye. Ni kuwa na ɗauka har abada yake nufi, ban sake tambaya ba.

Kotu ta aika masa takarda. Ranar Juma'a ya same ni wajen takalma, bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Ɗana, na taɓa tambayarka? Me ya kai ni gaban alƙali?” Na ce, “Baba, doka ce.” Ya gyaɗa kai, ya sa takalminsa. A wajenmu rancen mutunci ba ya zuwa gaban hukuma, na sani. Daga nan na sauya masallaci don kada mu haɗu.

Shekaru suka wuce ina gyara sunana. Na koma tuƙin motar kai marasa lafiya, hayar gida ba ta taɓa makara ba, ɗan katin da aka ba ni ina biya kafin wata ya ƙare. Bana muka nemi sayen gida ta tsarin biya a hankali da ba kuɗin ruwa a ciki. Ma'aikaciyar da ke duba takardunmu ta ce lokacin jira bayan karayar arziki ya cika, mun cancanta. Matata tana murna, ni kuma na tambaya ko har yanzu laifi ne in biya wani daga cikin waɗanda na rubuta suna bina. Ta dube ni da mamaki, ta ce tun ranar da kotu ta sallame ni ba wanda ya hana ni biya don raɗin kaina.

Na je tsohon masallacin, aka ce ya daɗe da komawa gida, ba lafiya. Wani ya ce Maraɗi, wani ya ce Katsina. Lambarsa ba ta shiga. Na cire haƙƙinsa daga kuɗin kafin alƙalami na gidan na ware, abin da ya rage bai isa ba, aka ɗaga sa hannu. Matata ta ce alƙali ya yafe, yara sun gaji da ɗaki guda. Ba ta yi ƙarya ba. Amma duk jana'izar da na je, in aka tambaya ko akwai mai bin mamaci bashi, sai dattijon nan ya faɗo mini a rai.

Abin da na koya shi ne, kotu tana share bashi a takarda ne kawai. Duk wanda ya shiga irin halina, ya sami wanda zai fassara masa maganar lauya da Hausa, kuma ya je ya gaya wa mai binsa baki da baki kafin takarda ta riga shi.

Ina roƙon masu karatu: dattijo ne dogo, yana ɗan ɗingishi da ƙafar hagu, yana sa wa gemunsa lalle. Sunansa kam ba zan sake sa shi a takarda ba. Wanda ya san inda yake ya sanar da wannan mujalla. Idan kuma ya riga mu, a taimaka a gaya mini inda magadansa suke.