Ba Wanda Ya Kira Shi Ilyasu

Shekara ashirin ke nan da rasuwar yayana, kuma a cikinsu na tsaya a kan wani ra'ayi da nake ganin masana sun yi sakaci da shi: a duk ayyukan ɗan Adam babu wanda ya kai kiran suna da safe a aji daraja. Sarakuna sun gina ganuwa, attajirai sun gina benaye, amma malamin firamare ne kaɗai ke tsayawa kullum ya ambaci kowane rai da sunan da aka yanka masa rago, ya kuma jira sai an amsa. Na yi wannan aiki a Baure da nan Daura har na yi ritaya, don haka akwai son kai a maganar, ban musa ba.

Sunan yayan nawa Ilyasu. Ga shi na rubuta. Sai dai rubutu daban, kira daban. Iyakar sanina, tun da ya bar aji bakwai ba wanda ya san shi ya sake kiransa da wannan suna.

Ba ƙiyayya ta jawo haka ba, girmamawa ce. Sunan kakanmu na wajen uba aka sa masa, don haka mahaifinmu ba zai iya faɗa ba, sai ya ce Dattijo, unguwa duka ta bi. Wajen Inna kuma ɗan fari ne, ko Dattijon ba ta faɗa, sai dai “wancan” ko “ɗan'uwanku”. Matarsa “Maigida” take cewa. Ni Yaya nake cewa. Da ya shiga soja ya rubuta sunan gari a matsayin sunansa na biyu, kamar yadda da yawa daga cikinmu suka yi, sai aka liƙa masa Daura a ƙirji. Kowa ya ɗauki sunan nan ya adana shi wuri mai tsabta, kamar kwanon da ake ajiye wa baƙo, har mai shi ya mutu ba a ci abinci a ciki ba.

Na san Ilyasu sun cika gari. Akwai mai nama a bakin tasha, akwai mai facin taya a hanyar Mai'adua. Ana ƙwala musu kira suna amsawa, ko godiya ba sa yi. Ba su nake nufi ba. Abin da nake so, tun ina jin kunyar faɗa har na daina ji, shi ne wani da ya san yayana ya buɗe baki ya ce Ilyasu, yana nufin shi, ni kuma ina kusa in ji. Waɗanda suka san shi kuwa sun ƙare. Saura mutum ɗaya.

Yayan nawa ba likita ba ne, kada wani ya je ya ce na ƙara masa digiri bayan ransa. Ya fara da wanke gyambo a asibitin sha-ka-tafi, daga nan ya shiga soja, aka koya masa tsayar da jini da ɗaure karaya da ƙarin ruwa, aka rataya masa jaka, ya kai muƙamin saje. Siriri ne, mai gajeriyar magana. In ya zo hutu, zaurenmu kan cika da masu neman allura, domin mutanenmu ba su yarda sun ga magani ba sai an soke su. Yakan dubi ido, ya dubi harshe, ya ce a je a sha ruwa a kwanta. Suna fita suna cewa aikin soja ya busar masa da zuciya.

Abu ɗaya na lura da shi, ban gane shi ba sai daga baya. Wata rana muna cin tuwo, wani mai keke ya faɗi a kan titi, wata mata ta yi ihu a nemo likita. Kafin in ajiye lomar da ke hannuna, Yaya ya fice ba takalmi, miya na zuba daga yatsunsa. Mai keken ko ƙwarzane bai yi ba. Da ya dawo ya zauna, sai ya kasa ci gaba da ci. Na yi masa ba'a, na ce ashe soja ma na firgita.

A wata ƙasa ta bakin teku ya rasu, inda aka tura su raba faɗan da ba nasu ba. Can aka binne shi. Mu nan salla muka yi masa ba gawa, kuma kowa ya san a sallar jana'iza ba a ambaton suna.

Bayan 'yan watanni wani baƙo ya yi sallama a ƙofar gidanmu, yana ɗingishi. Lokacin an fara shari'a a jiharmu, gari cike da zumuɗi, kowa na auna tsawon wandon ɗan'uwansa da ido. Baƙon ya ce shi ne Kofur Bitrus, mutumin tsaunukan Filato, rundunarsu ɗaya da marigayi. Na ga igiyar gicciye a wuyansa, ya cusa ta cikin riga. Maƙwabta suka yi ta leƙe. Da aka kira azahar muka shiga masallaci, shi kuma ya zauna a waje, muka fito muka tarar ya jera takalman jama'a reras, kowace ƙafa da 'yar'uwarta. Liman ya dube su ya ce tun da aka gina masallacin bai taɓa ganin sahu ya miƙe haka ba. Daga ranar ba wanda ya ƙara leƙe.

Na kai shi wajen Inna. Ya durƙusa a bakin ƙofa da ƙyar, saboda ƙafar. Sai ta ce, “Yana samun abinci kuwa a can?”

“Shi muke fara zuba wa, Mama.”

“To, madalla.” Ta juya ta fuskanci bango.

Daga bakin Bitrus na san yayan da ban sani ba. Ya ce in suna tafiya a daji, Likita, kamar yadda suke ce masa, a tsakiya ake sa shi, mutum gaba, mutum baya. Ba ya gadi muddin akwai mai iya tsayuwa. In ruwa ya yi ƙaranci, gorarsa ake fara cikawa, don da ita yake wanke rauni. Kyaftin ɗin da ke zagin kowa da uwarsa, in zai nuna masa ƙafarsa da ta kumbura sai ya sassauta murya kamar mai neman aure. Sai dokar da ta fi duka, wadda ba a rubuta a ko'ina ba: ba a kiransa. Ciwon kai kake yi ko gudawa, tashi za ka yi ka je inda yake ka taɓa kafaɗarsa. Dalili kuwa, duk wanda ya ɗaga murya ya ce Likita, to zai taso a guje, ba ya tambaya, kansa a sama a inda kowa ya manne da ƙasa. Wani sabon shiga ya taɓa ƙwala masa kira don ya ara masa reza. Bitrus ya ce yaron ya kwana biyu yana cin abinci a tsaye.

Sai na tuna mai keke, da tuwon da ya kasa ci. Na kuma gane cewa mutumin ya yi rayuwa tsakanin gidan da ba a kiran sunansa da barikin da ba a kiran laƙabinsa, sai in mutuwa ta riƙe wuyan wani. Ban san kaɗaicin da ya fi wannan ladabi ba.

Game da rasuwar, abin da Bitrus ya ce kawai shi ne, “Ya je ɗauko wani ne.” Ban ƙara tambaya ba.

Tun daga nan kusan kowace shekara yakan zo, daidai watan da abin ya faru. An sallame shi daga soja, yana gadin wani sito a Kano. Yakan shigo motar safe da ledar dankalin Turawa, mu zauna a zaure, ya koma da yamma. Mahaifinmu ya rasu. Matar Yaya ta yi aure a Damagaram, da ma ba su haihu da shi ba. Inna ta daɗe tana jinya, kuma ina iya cewa na yi zaman kusa da ita da wani ɗan buri na ɓoye, ko zafin ciwo zai sa kunya ta saki harshenta. A kwanakin ƙarshe ta manta shekara, ta manta gari, ta manta ni. Abin da ta ce shi ne a ajiye wa wancan tuwonsa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga Daura ta yau. Ina jin zai yi dariya, abin da bai cika yi ba. Yanzu kowa Dokta ne. Mai kemis Dokta, mai maganin basir da lasifika Dokta, mai gyaran waya Dokta, ɗan siyasar da ya ba da gudunmawa a taro Dokta. Ana kiransu daga tsallaken titi, su ɗaga hannu ba tare da sun waiga ba. Kunyar suna kuma ta yi ƙaura. Na ji amarya a kan babur tana kiran angonta da sunan yanka, har da ja masa wasali. Na ji uwa tana zagin ɗanta na fari da cikakken sunansa da na ubansa. Abokaina na majalisa suna cewa duniya ta lalace. Ni nakan gyaɗa kai don a zauna lafiya, amma a zuciyata ina yi wa yaron nan hassada. Sojoji kuma, da muke jin labarinsu a rediyo daga nesa, yanzu ga su a hanyar Katsina. In motarmu ta tsaya a shingensu, nakan duba ko akwai mai jaka a cikinsu, in ga ko a tsakiya suka sa shi. Sau da yawa a tsakiyar yake.

Akwai shekarar da na zaci buƙatata ta biya. Bitrus ya zo yana fara'a, ya ce an yi masa haihuwa, namiji.

“Malam, sunansa na sa masa.”

Na gyara zama, na ce, “Sunan wa, Kofur?” don dai in ja shi ya faɗa.

“Sunan yayanka mana. Likita. Fasto ma ya ce suna ne mai kyau.”

Na yi masa barka. Ashe shekara da shekaru yana zuwa, yana share hawaye a zauren nan, bai san sunan ba. Saje Daura ya sani, da Likita. Na so in gaya masa a ranar, sai na ga kamar zan rage masa murna, na bari. Shekara ta bi shekara ina bari.

Bana dai na ga furfura ta cinye kansa, ni kuma gwiwa ta fara yi mini gardama da matakalar masallaci. Na ce in ba yanzu ba, wataƙila babu. Na ɗauki alli, don ba na rabuwa da shi, na rubuta sunan a bangon zaure da manyan baƙaƙe, kamar yadda nake yi wa 'yan aji ɗaya.

“Kofur, ka iya karatu ai.”

“Daidai gwargwado, Malam.”

“Wannan ne sunansa na yanka. Kai kaɗai ka rage da ka san shi. Alfarma nake roƙo, ka faɗa mini shi sau ɗaya, in ji.”

Ya dubi bangon. Na ga leɓɓansa suna bin baƙaƙen ba sauti. Sai ya dafa ƙasa ya miƙe, ya haɗa ƙafafunsa gwargwadon yadda mai ɗingishin ta yarda, ya tsaya ƙyam. Ya daɗe a haka. Wani mai ruwa ya wuce da kurarsa, ya dube mu ya kau da kai.

“Malam, ka yi haƙuri,” in ji shi. “Sau ɗaya na taɓa kiransa a rayuwata. Ya zo.”

Na dubi ƙafarsa mai ɗingishi, na gane wanda Yaya ya je ɗaukowa. Ya zauna, muka ci dankalin da aka soya, muka yi maganar tsadar mota. Na raka shi tasha kamar kullum.

A hanyar dawowa na yi ta auna abin da ya rage na Yaya. Kabari babu a nan. Ɗa babu. Jakar ma ba ta dawo ba, an ce an miƙa ta ga wanda ya gaje shi, kuma haka ya kamata. Akwai dai wani dattijo mai ɗingishi da ke numfashi a Kano, akwai saurayi da ake ce wa Likita, akwai wasu maza a garuruwan da ban sani ba masu tabo a ciki ko a cinya, waɗanda suka aurar da 'ya'yansu. Da yawa an bar gidaje da gonaki ba a bar kwatankwacin wannan ba. Allah ya jiƙansa, ya sa can an kira shi da sunansa, ya amsa a natse, ba gudu.

Amma ni buƙatata na nan. Da na shiga zaure ba kowa, sunan na bango. Na ce ai ni ma na san shi, kuma ni malami ne, bakin nan ya kira Ilyasu ba adadi a aji. Na rufe ƙofa don kada a ce tsufa ya taɓa ni. Na tsaya yadda nake tsayawa gaban allo, na gyara murya, na buɗe baki.

“Yaya,” na ce.