Yadda Barewa Ta Kai Malam Jatau Gida

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Alhamis, goma ga watan Rajab na shekarar 1348, bayan la'asar, Allah ya karɓi ran Malam Jatau Maƙeri, mai gyaran mota a Gusau. Ya cika a Bungudu, a ɗakin mahaifiyarsa Inna Hanatu, inda ya roƙi Allah ya cika. Ni Mas'udu direba nake wannan rubutu, don ni na kai shi.

Malam Jatau, da garma da lauje ka fara, a maƙerar ubanka. Da motoci suka fara shigowa ƙasar nan, sauran maƙera suka ja baya, kai kuwa ka shiga ƙarƙashinsu kana leƙe har ka gane cikinsu. Ba ka da yawan magana, amma tsiya kam kana da ita. In na shigo da gudu na taka birki a ƙofar rumfarka, sai ka ce, "Mas'udu, lahira ba ta tashi kasuwa, mi kaka yi ma sauri?" Ranar da mota ta mace mini a Tsafe da damina, a kan jaki ka zo da kayan aikinka, ka jiƙe sharkaf, kuma da na fara godiya ka ce in riƙe maka sifana in yi shiru.

Motar ta maigidana ce, wani Kwara, wato Balarabe ɗan kasuwa, mai sayen auduga. Mutane ke ce mata Barewa, don duk hanyar Gusau zuwa Funtuwa babu mai shan gabanta. A bayan kowace ƙafarta akwai wata 'yar tukunyar ƙarfe mai hannu, cike da mai, wadda muke ce wa shokozoba. Ita ke shanye gargadar hanya. Ta gaba ta hagu ta fara yoyo tun kaka, motar ta koma tsalle kamar ɗan akuya. An aiko da sabuwa a jirgin ƙasa, amma kafin ta iso ciwon ciki ya kwantar da kai.

Da ciwon ya yi tsanani, matarka Wasila ta aiko a kira ni. Na iske ka a tabarma, ko juya ka aka yi sai ka cije leɓe. Ka ce abu ɗaya ya rage maka: ka ga Inna, ta ɗora maka hannu tun kana numfashi. Ita kuwa tsufa ya hana ta fita, idanunta ma sun tafi. Jaki ba zai yiwu ba, amalanke ba zai yiwu ba. Maigidana, Allah ya saka masa, ya ce in ɗauki Barewa.

Ni dai gaggawa nake yi. Na ce bari in ɗura wa tsohuwar shokozobar man gyaɗa, yadda muke yi in ta kama, mu kama hanya. Ka girgiza kai. "Man gyaɗa na ƙuli ne," ka ce. "In ka ɗauke ni a wagga mota haka, gawa za ka kai ma Inna. Ɗauko sabuwar."

Wallahi raina ya ɓaci a lokacin, don ina ganin ranka na tafiya muna kwance noti. Amma aka jawo tabarmarka bakin ƙofa, na ɗaga motar da jak, na cire ƙafar. Kana kwance, idonka a rufe, da kunne kake bin aikin. Noti ɗaya ya cije, na kai masa guduma, ka ɗaga yatsa: in zuba masa kananzir in ba shi lokaci. Na cire tsohuwar duk ta yi baƙi da mai da ƙasa, na goge mazauninta, na ɗaura sabuwar. Da na ɗaure hannunta ka ce, "Bai kai ba, ban ji kukan ƙarfen ba." Na ƙara ɗaurewa, ka ce, "Awo."

Ko a nan ba ka yarda ba sai da aka yi gwajinka na kullum. Wasila ta cika ƙwarya da ruwa, aka ajiye a kujerar baya, na zaga unguwa ta kan kwazazzabon nan na bayan masallaci na dawo. Ka sa hannu ka shafa kujerar, ka ji ta a bushe, sannan ka ce a ɗauko ka.

Ban taɓa tuƙi irin na ranar ba. Motar da ake darewa a ba ta hanya, ga ta tana rarrafe, har masu jakunan auduga suna wuce mu suna waiwaye. Wani ya ɗaga murya ya ce, "Mas'udu, yau Barewa ta yi ciki ne?" Na ci gaba da rarrafena. Kanka na kan cinyar Wasila, ni kuwa kowane rami na gani sai in ƙara sassautawa, motar ta sauka a hankali ta hau a hankali. Har muka shiga Bungudu ban ji ka yi nishi ba.

Aka shigar da kai ɗakin Inna Hanatu. Ta lalubo fuskarka da hannu biyu, ta ce, "Jatau, ka iso?" Ka ce, "Na iso, Inna." Na fita waje na zauna a gindin katanga na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa. Washegari ka cika, hannunta na kan goshinka.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Hanatu, da Wasila da 'ya'yanta, da maƙeran Bungudu, da direbobin Gusau da muka rasa wanda ke tsawata mana. Allah ya ba mu haƙurin rashi. Malam Jatau, Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ni iyakata Bungudu. Sauran tafiyar, Allah ya sauƙaƙa maka ita, ya kai ka ba tare da gargada ba. Amin.